Katangar filin Ɗanbare: littafin aiki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Lissafin gini ba ya zama a ka, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Filin yana Ɗanbare, ƙaramar hukumar Kumbotso, ƙafa 50 a gaba, 100 a tsawo, awon gwamnati ne, na saye shi a 2021. Kuɗin gina gida babu su yanzu, amma barin wurin a buɗe ya fara jawo magana. Ana zuba shara a kusurwar baya, wani kuma ya jibge yashinsa a gaba bai tambayi kowa ba. Maƙwabcin yamma ya riga ya yi gini, katangarsa na kan iyaka. Saura gaba da baya da gabas, ƙafa 200 ke nan kafin a cire wurin get.

Na ware N3,000,000. Ina so a gama kafin azumi.

Da na gaya wa Kawu zan fara da neman izini, dariya ya yi. "Katanga ce fa, ba bene ba. Wa ka taɓa gani ya nemi izinin katanga? Ka kira magini ranar Litinin." Na ce, "To, Kawu." Amma duk wanda ya ga rusau ɗin Yunin 2023, daga otal ɗin Daula har shagunan filin Idi, jikinsa ya yi sanyi da ɗora bulo ba takarda a garin nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, wadda dattawa har yau KASEPPA suke ce mata. Jami'in da na samu ya ce katanga ma gini ce, ana neman izininta daban ko da ba a shirya yin gida ba. Abin da zan kawo: kwafin shaidar mallaka, taswirar fili daga safiyo mai rajista, zanen katangar mai hatimi, da takardar neman izini. Biya a banki ake yi, a kawo rasit.

Mutane da yawa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, takardar da ke hannuna kuwa shaida ce cewa an ba ni haƙƙin zama da amfani da wurin. Ba ta ce in gina abin da na ga dama a inda na ga dama ba. Wannan ɓangaren dokar tsara birane ta 1992 ce ta yi magana a kai, ita ce ta ba hukumomin tsari ikon ba da izini, da dakatar da aiki, da rushe abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Mutum yana iya zama mai cikakken fili, a zo a shafa wa katangarsa jan fenti, kuma doka tana bayan mai fentin.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Safiyo ya zo da na'urarsa da yara biyu. Kafin ya fara na nemi lambar rajistarsa ta SURCON, majalisar da ke yi wa safiyo rajista, ya nuna ba musu. Cikin duwatsun iyaka huɗu, biyu ya tarar a wurinsu, na gaba ta yamma yana ƙarƙashin yashin mutumin nan, na baya ta gabas kuwa babu shi sam.

Abu biyu suka fito, kuma duka ba masu daɗi ba. Na farko, layin da gidajen jerinmu suka bi ba shi ne layin taswira ba. Wanda ya fara gini a farkon layin ya shigo hanya da kusan ƙafa huɗu, duk wanda ya zo bayansa sai ya ja igiya daga katangarsa. Idan na tsaya kan dutsena, katangata za ta shige ciki da ƙafa huɗu, ta bar loko a gaban gidan. Na biyu, fandishon da maƙwabcin gabas ya haƙa bara, bai kai ga ɗora gini ba, ya shigo mini da ƙafa ɗaya da rabi ta baya, ya tafi yana tsukewa har ya koma daidai a gaba.

Kuɗin safiyo da taswira da sabon dutse: N120,000.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Zaman iyaka a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ni da Kawu, maƙwabcin gabas da ƙaninsa, sai safiyo da na roƙa ya dawo.

Alhajin, wato maƙwabcin gabas, bai zo da faɗa ba, amma ya zo da tabbaci. Ya ce dillalin da ya sayar masa shi ya nuna masa iyaka da ƙafarsa, a kan wannan aka haƙa, kuma ya kashe siminti a ramin. Safiyo ya buɗe taswirar unguwar, aka auna filin Alhaji daga dutsensa na can gabas, sai ga ƙafa 50 ɗinsa cif ta ƙare kafin ramin. Wato ba a rage masa komai ba, ƙari ne ya shigo. Ƙanin ya fara ɗaga murya cewa a kan ƙafa ɗaya da rabi ba a tara mutane. Mai unguwa ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam, hadisin da ya yi gargaɗi a kan cin ƙasar wani, taƙi ɗaya ya ambata. Ƙafa da rabi ta fi taƙi." Daga nan zancen ya sauka.

Abin da aka tsayar: katangata za ta bi layin safiyo. Kankaren Alhaji da ya shigo ba zan sa a fasa shi duka ba, inda ya tare haƙa kawai za a sare, kuma ni zan biya leburan. Idan ya tashi gini yana iya jingina da katangata ba tare da ya biya rabi ba. Na yarda da wannan don a rabu lafiya, maƙwabtaka ce ta shekaru a gaba. An rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Na maƙwabcin yamma ma mun rubuta a zaman, cewa zan jingina da tasa.

Kan maganar gaba kuwa, a hanyar dawowa Kawu ya ce, "Ka bi layin mutane. Ƙafa huɗu sau hamsin, ka san ɗaki ne guda kake kyauta?" Na ce, "Kawu, ba tawa ba ce balle in yi kyautarta." Bai gamsu ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na ba wani mai zane aikin. Tsawo: layin bulo 10 daga ƙasa, kusan mita biyu da kwata. Fila kowace ƙafa goma. Get ƙafa 14 haɗe da ƙaramar ƙofa. N45,000.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Makon neman wanda zai yi aikin. Mutum uku na zauna da su.

Na farko matashi ne mai mota da katin kamfani. Da na tambayi lasisinsa sai ya miƙo takardar CAC a cikin leda. Takardar gaskiya ce, amma abin da take shaidawa shi ne an yi wa sunan kamfani rajista. Mai sayar da shinkafa ma irinta gare shi. Na tambaye shi wa zai duba rodi kafin a zuba kankare, ya ce yaransa ƙwararru ne. Yana son kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, shi zai sayi komai. Na gode masa.

Na biyu ƙwararren magini ne mai rajista da CORBON, majalisar da dokar 1989 ta kafa don masu sana'ar gini. Ya kawo lissafi a rubuce layi-layi, har da kuɗin ruwa da na maigadi. Ban ga abin kushewa ba sai jimlar: N4,600,000. Ya faɗa mini gaskiya cewa irin wannan ƙaramin aiki ba ya rufe masa kuɗin zirga-zirga idan ya sauko.

Na uku dattijon birkila ne da ya yi wa abokin aikina gida a Rijiyar Zaki. Ba shi da takarda ko ɗaya, ko ta gwajin sana'a da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ke bayarwa. Na je na ga katanga biyu da ya yi, ɗaya ta sha damina da yawa, babu tsaga, layin bulo a miƙe.

Abin da na fahimta a makon nan: rajista tana can sama. Mai zanen gini yana da ARCON, injiniya yana da COREN, safiyo SURCON, babban magini CORBON. Amma hannun da zai kwaɓa siminti ya ɗora bulon, a aikin gida irin nawa babu mai tambayarsa takarda, kuma idan katanga ta faɗi a kan ɗan wani, mai fili za a fara nema. Don haka na raba aikin. Dattijo zai yi gini a jinga. Kaya ni zan saya. Injiniya mai rajista zai duba a matakai uku: bayan haƙa, kafin zuba fila, da kammalawa.

Talata, 10 ga Disamba

An dawo mini da fayil a gyara, kuma da aka nuna mini dalilan ban ga abin musu ba. Zanen ba shi da hatimi. Ashe wanda ya yi shi gwanin kwamfuta ne kawai, ba shi da rajista, ya saba kai zane wani ya buga masa, wannan karon ya manta ko ya yi ƙoƙarin cinye kuɗin. Sannan ya zana get yana buɗewa waje, kan hanya. Na uku, kuma shi ya fi ba ni haushi, ya ɗora katangar gaba a kan layin maƙwabta, alhali taswirar safiyo da na ba shi tana nuna dutse a ciki. Takardu biyu a fayil ɗaya suna ƙaryata juna.

Na kira shi, ya ce ai haka kowa yake yi a layin. Bai dawo da ko sisi ba.

Injiniyan da zai duba aikin ya karɓi gyaran. Da muka je filin ya hango abin da ni da mai zanen duk muka wuce: wayar da ke ɗaure falwayar wuta a ƙasa ta sauka daidai tsakiyar inda aka sa get. Ɗage falwaya sai an bi ta KEDCO, kamfanin rarraba wuta, da kuɗi da jira. Matsar da get zuwa gabas da ƙafa tara a takarda kyauta ne. Ya kuma auna nisa zuwa babban layin wuta na 11kV da ke tsallaken hanya. Ƙa'idar irinsa mita 11 ce a faɗi, biyar da rabi kowane gefe, mu mun wuce haka da nisa.

Kuɗin injiniya, sabon zane da duba aiki sau uku: N150,000.

Litinin, 16 ga Disamba

Na mayar da fayil. Na biya a banki, rasit yana cikin jaka tare da takardar mai unguwa.

Asabar, 28 ga Disamba

Yarjejeniya da dattijo. Da na fito da takarda ya ce, "Alhaji, ni tun ina yaro da baki nake aiki, ban taɓa cin kuɗin kowa ba." Na ce, "Baba, ba don kai ba ne, don ni ne, mantuwa gare ni." Ya yi murmushi, ɗansa ya karanta masa, ya dangwala.

Jinga N480,000, biya kashi huɗu: bayan fandisho, bayan layi biyar, bayan fila da layin ƙarshe, sai N48,000 da zan riƙe har injiniya ya duba ya ce ya yi. An rubuta cewa ba za a zuba kankare a fila ba sai an ga rodin, kuma ban-ruwa safe da yamma yana cikin jinga, ni zan kawo ruwan.

Ba a haƙa komai ba tukuna. Ya so ya fara ranar Litinin, na ce sai takarda ta fito.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Izini ya fito, da kwafin zane mai hatimin amincewa. Na yi hoto uku, ɗaya a leda zai zauna wurin aiki. Takardar ta katanga ce kaɗai, ko ɗakin maigadi ba ya ciki.

Siminti ya ɗan motsa tun Nuwamba. Na sayi buhu 40 a N9,600, an ajiye a shagon wani a bakin titi, ana ɗauka kullum gwargwadon buƙata.

Asabar, 18 ga Janairu

Haƙa. Faɗi ƙafa biyu, zurfi biyu da rabi. A kusurwar baya inda aka daɗe ana zuba shara ƙasar ta ruɓe, injiniya ya sa aka ƙara zurfi har aka taɓa jar ƙasa mai tauri. Sare kankaren Alhaji ya cinye yini guda na lebura biyu, N14,000. Shi da kansa ya zo ya tsaya, muka sha ruwan leda tare.

Litinin, 20 ga Janairu

An zuba kankaren ƙasa, ɗaya-uku-shida, wato awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa. An kafa rodin fila 20. Tankar ruwa N18,000.

Alhamis, 23 ga Janairu

Bulo. Na ba da odar 'yan inci tara guda 400 na fandisho da 'yan inci shida 1,300 daga wani gidan bulo da ke kusa, saboda sauƙin kuɗin mota. Samfurin da na gani a gidan mai kyau ne. Abin da aka sauke mini daban. Dattijo ya ɗauki ɗaya ya murza kusurwa da babban yatsa, ta marmashe kamar dakuwa. Ya ɗaga wani daidai ƙirji ya saki, ya tarwatse gida huɗu. Cikin lodin farko wajen talatin sun karye tun a saukewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Buhun siminti kilo 50 ne, mai tsoron Allah yana fitar da 'yan inci tara wajen 25 zuwa 30 daga ciki. Mai son riba yana iya ja ya kai 45. Ga hunturu, iska tana busar da bulo kafin simintin ya kama, in ba a yi ta ban-ruwa ba. Waɗannan daga ganinsu ba su kwana uku da bugawa ba.

Mai gidan bulon ya fara da cewa leburorina ne ba su iya saukewa ba. Na ce ya zo ya sauke da hannunsa. Ya zo, ya ga dattijo ya sake gwajin a gabansa, ya yi shiru. Ya kwashe kayansa, ya dawo da kuɗin ban da N25,000 na mota, wanda ya ce ba zai yi asara biyu ba. Na bar masa.

Dattijo ya kai ni wani gida ta hanyar Gwarzo inda ake bugawa da injin girgiza, bulon ya daɗe a fili ana ba shi ruwa. Inci tara N680, inci shida N500. Tsadar ta ƙaru da kusan N70,000 a jimla.

Talata, 28 ga Janairu

Layi uku na fandisho sun fito, an cike ramukan bulon da kankare, an mayar da ƙasa. Biyan farko N144,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace ɓaci. Dattijo ya tafi ta'aziyya Bichi ranar Laraba, ya bar ɗansa da wasu yara biyu. Na zo da safe na tarar sun kai layi biyar a gabas, kuma sun riga sun rufe fila shida da katako sun zuba kankare, ba a kira injiniya ba. Yaron ya ce sun ga siminti ya rage a kwaɓe, kada ya lalace.

Injiniya ya zo da azahar. Ya sa aka cire katakon biyu. Ɗaya duk ramuka ne, tsakuwa a fili ba siminti a tsakaninta, ba a soka ba lokacin zubawa. Ɗayar da aka ɗan sare gefe, zoben da ke ɗaure rodi ya kamata ya zo kowace inci takwas, su sun sa kusan kowace ƙafa biyu. Ya ƙirga ragowar ƙaramin rodi a wurin ajiya, lissafi bai fita ba: ba a sa a fila ba, kuma ba ya ƙasa. Ya ɗora ma'aunin ruwa a katangar, tsakiyarta ta karkata waje, wajen filin Alhaji, da kusan inci ɗaya da rabi a layi biyar kacal. Ya ce idan aka bi ta haka har layi goma, iskar farkon damina za ta gwada ta, kuma katanga mai tsawon ƙafa ɗari ba rufi a kanta ba abin da ke riƙe ta sai filolin nan.

Na tsayar da aiki. Ban yi wa yaran faɗa ba, ba da su na yi magana ba tun farko.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dattijo ya dawo Litinin. Na karanta masa layin da ya dangwala a kai. Bai ja ba. Ya ce, "Alhaji, abin kunya ne a wurina, ba sai an karanta ba." Ya sallami yaran biyu, ya sa ɗansa ya fasa filolin shida da hannunsa, aka sauke layi uku na sama a tsakiyar gabas aka sake ɗorawa da igiya. Aikin gyara a kansa. Siminti buhu bakwai da ƙaramin rodi a kaina, N95,000, domin yarjejeniyar ba ta ce komai a kan kayan da aka ɓata ba, kuma mutumin da ya dawo daga gidan makoki ban ga kyawun matsa masa ba.

Na ɗauki maigadi na dare, N30,000 zuwa ƙarshen wata.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ina ofis ɗan dattijo ya kira, wai ga mota ta tsaya, mutane suna tambayar takarda. Na ce ya buɗe ledar da ke cikin buhun kayan aiki. Suka duba izinin, suka auna daga dutse zuwa katangar gaba da tsawon da aka kai, suka tafi. Aiki bai tsaya ba ko na awa ɗaya.

Injiniya ya duba rodin sauran fila 14 jiya, an zuba yau a gabansa. Ƙarin siminti buhu 38, N9,800.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Layi goma ko'ina. Ban-ruwa. Biya na uku.

Lokon gaba ya fito sosai yanzu da katanga ta tashi, ba kyau a ido, gaskiya. Har wani mai shayi ya aiko a tambaye ni ko zai kafa tebur a wurin. Na ce ba ni da ikon ba shi, hanya ce. Kawu ya zo ya gani, ya kaɗa kai, ya ce aƙalla mota za ta samu wurin juyawa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An kafa get, mai buɗewa ciki. Mai walda N540,000 har da fentin hana tsatsa. Injiniya ya yi dubawar ƙarshe, ya rubuta a bayan zanen ya sa hannu, na ba dattijo N48,000 ɗinsa.

Lissafi a dunƙule: takardu, wato safiyo da zane biyu da injiniya da kuɗin izini, sun tasam ma N400,000. Siminti buhu 85, wajen N820,000. Bulo N922,000. Rodi da waya da katako N390,000. Yashi da tsakuwa da ruwa N430,000. Jinga N480,000. Get N540,000. Ƙananan abubuwa da asarar mota da maigadi wajen N90,000. Jimla ta haura N4,000,000 kaɗan. Na zarce abin da na ware da miliyan guda, na cike da kuɗin adashi da na so in ajiye na Sallah. Lissafin maginin nan mai rajista da na ga ya yi tsada a Nuwamba, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai yadda na zata ba, ga shi shi nasa har da shafe.

Lahadi, 2 ga Maris

An ɗauki azumi jiya, aiki ya tsaya. Shafe sai bayan Sallah, ta waje kawai, kafin ruwan farko. Dattijo ya ce buhu 25 zai isa. Injiniya ya ce a huda ƙananan kafofi biyu a gindin katangar gaba don ruwan sama ya samu mafita, domin filin ya ɗan gangaro ta nan, kuma babu kwata a layin tukuna. Wannan za a fara yi kafin shafen.

Ɗakin maigadi da rijiyar burtsatse suna cikin shirin ƙarshen shekara. Ɗakin sai an shigar da shi cikin zanen gidan gaba ɗaya an nemi sabon izini, don haka bayan Sallah zan fara neman mai zane mai rajista da ARCON, in ga takardarsa kafin mu yi ciniki.